Darasi Na 14: Keken Lantarki Na Masu Lalurar Tafiya

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran za ka iya:

1. faɗin sunayen sassan keken lantarki da Hausa;
2. bayyana yadda ake tuƙa shi da yadda ake kula da shi ba tare da haɗari ba;
3. ba da umarni da yin hani cikin Hausa mai kyau.

Shimfiɗa

Ɗalibi, ka taɓa tunanin yadda rayuwa za ta kasance idan tafiya daga ɗaki zuwa ƙofar gida ta zame maka babban aiki? Akwai mutane da yawa a garinku waɗanda wannan shi ne halin da suke ciki. Wani tsufa ne ya raunana masa gwiwa, wani haɗarin mota ya yi, wani shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, wani kuma cutar shan inna ce ta kama shi tun yana yaro. A watan Agusta na shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar shan inna daga nahiyar Afirka. Amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, suna karatu, suna kasuwanci, suna riƙe da iyali.

A ƙasar Hausa an daɗe da sanin keken guragu mai taya uku, wanda ake murza shi da hannu. Masu walda ne suke ƙera shi a Kano da sauran garuruwa. Yana da amfani ƙwarai, sai dai yana buƙatar ƙarfin damtse, abin da tsoho ko marar lafiya ba shi da shi. Wannan ne ya sa wasu suke neman keken lantarki, wanda batir ke tafiyar da shi.

Ga mai shi, wannan keke tamkar ƙafa ne. Ranar da ya lalace, ranar ba zuwa kasuwa, ba zuwa makaranta, ba zuwa asibiti. Idan kuwa ya kife, mutumin da yake da rauni tun farko shi ne zai ƙara samun wani raunin. Saboda haka ka karanta abin da ke biye da natsuwa, ka ɗauka cewa kai ne a kan keken, ko kuma kakanka.

Karatu

1. Asalin keken da sassansa

Wani Ba'amurke mai suna Allan Thieme ne ya ƙera irin wannan keke a jihar Mishigan a shekarar 1968, domin taimaka wa wani daga cikin iyalinsa da ciwo ya hana tafiya sosai. Ya sa wa keken suna Amigo. Yau kamfanoni da dama suna ƙera shi, kuma ana shigo da shi Nijeriya, sabo da wanda aka yi amfani da shi.

Keken yana da taya uku ko huɗu. Mai taya uku ya fi sauƙin juyawa a cikin ɗaki ko a lungu, mai taya huɗu kuma ya fi tsayuwa daram a hanya mai gargada. Yana da kujera mai wurin ɗora hannu, da faffaɗan wurin ajiye ƙafa, da kan keke wanda ake riƙewa a juya dama ko hagu. A jikin kan keken ne ake samun makulli, da totur, da maɓallin rage gudu, da oda, da makunnin fitila, da gejin da ke nuna yawan cajin batir. A ƙarƙashin kujera akwai batir. A baya akwai injin lantarki da ke juya tayoyi, da wasu ƙananan tayoyi biyu da ke hana keke faɗuwa da baya idan ana hawa tudu.

Abu biyu ya kamata ka fahimta da kyau. Na farko shi ne birki. Yawancin waɗannan kekuna ba su da birkin da ake takawa. Da zarar ka saki totur, keken zai rage gudu ya tsaya, birkin kuma ya kama da kansa. Na biyu shi ne sandar firi, wato wata 'yar sanda da ke kusa da tayar baya. Idan aka ja ta, injin zai saki tayoyi domin a iya tura keken da hannu. Amma a wannan hali birki ba ya aiki ko kaɗan. Keken da ke firi, idan yana kan gangara, zai gangara da duk wanda ke kansa.

Keken lantarki ba shi da gudun babur. Ƙananan ba sa wuce kilomita 6 zuwa 8 a awa ɗaya. A Birtaniya, alal misali, doka ba ta yarda ya wuce mil 4 a awa ba a hanyar masu tafiya a ƙasa, wato kimanin kilomita 6, manyan da aka yarda su hau titi kuma ba sa wuce mil 8, wato kimanin kilomita 13. Wannan ya nuna maka cewa an yi shi ne domin ya maye gurbin tafiyar ƙafa.

2. Kafin ka hau

Tun ranar gini tun ranar zane. Lafiyar tafiya tana farawa ne tun kana tsakar gida. Kowace safiya, kafin ka fita, ka yi waɗannan abubuwa:

Ka duba gejin batir, ka tabbata cajin zai kai ka inda za ka, ya kuma dawo da kai.
Ka duba tayoyi, ka ga ko akwai ƙusa ko tsaga, ko kuma iska ta ragu.
Ka tabbata sandar firi tana wurin tuƙi.
Ka girgiza kujera, ka ji ta kulle, tana kallon gaba.
Ka gwada oda da fitila.

Ka kashe makulli kafin ka hau, ka kuma kashe shi kafin ka sauka. Dalili shi ne, hannun riga ko gwiwar hannu na iya taɓa totur ba da saninka ba, keken ya zabura alhali ƙafarka ɗaya tana ƙasa. Bayan ka zauna, ka tattara tufafinka. Babbar riga, da gyale, da bakin zani, da dogon hijabi duk suna iya naɗewa a taya. Daga nan ka kunna, ka matsa totur a hankali, ka yi 'yar tafiya, ka sake shi, ka ga ko birki ya kama. Idan bai kama ba, tafiya ta fasu sai an gyara.

Wanda bai taɓa tuƙa keken ba ya fara koyo a fili mai shimfiɗe, kamar filin makaranta da yamma, tare da wani a gefensa. Ya koyi tashi da tsayawa, da shan kwana, da yin ribas, kafin ya shiga cikin jama'a. Wanda ya sha maganin da ke sa barci ko jiri kada ya tuƙa, haka ma wanda idonsa ba ya gani sosai, sai ya nemi shawarar likita.

3. A kan hanya

Hanyoyin ƙasarmu ba iri ɗaya ba ne. A Inugu da Abekuta da Jos akwai hawa da gangara. A Legas da Fatakwal da Kalaba ruwan sama yana kwanciya a titi. A Kano da Sakkwato akwai rairayi da ƙura. Kowane wuri da irin hattarar da yake bukata.

Idan za ka hau tudu, ka fuskance shi kai tsaye, ka ɗan karkata jikinka gaba. Idan za ka sauka, ka mayar da maɓallin gudu ƙasa tun kafin ka fara gangarawa. Kada ka ratsa gangara a karkace, kada kuma ka juya a tsakiyarta, domin a nan ne keke ya fi saurin kifewa. Kowane kamfani yana rubuta iyakar tudun da kekensa zai iya hawa a cikin littafin da ke zuwa tare da shi. Tudun da ya fi ƙarfinsa, a nemi wata hanya, ko da ta fi nisa.

Ka rage gudu kafin ka sha kwana, musamman idan kekenka mai taya uku ne. Idan ka zo wurin ɗan dakali ko bakin kwalta, ka tunkare shi ta gaba sosai yadda tayoyin za su hau tare. Ka nisanci bakin kwata, ko da an rufe ta da katako. Kada ka shiga ruwan da ba ka ga ƙasansa ba, saboda yana iya ɓoye rami, kuma ruwa yana lalata inji da wayoyi. Idan hadari ya haɗo, ka nemi mafaka tun kafin ruwa ya sauko.

A cikin kasuwa ko harabar asibiti, ka yi tafiya daidai da takun mutane. Keken ba shi da ƙara, don haka yaro ko makaho ba zai ji zuwansa ba. Ka yi oda a hankali, ko ka ce, "Gafara dai." Inda babu hanyar masu tafiya a ƙasa, har dole ta sa ka bi gefen titi, ka zaɓi lokacin da motoci suka ragu. Ka tuna cewa kana zaune ne ƙasa ƙasa, direban babbar mota ba lalle ne ya hango ka ba. Ka sa tufafi masu haske, ka kunna fitila da magariba, ka kafa 'yar tuta mai tsawo a bayan kujera. Idan za ka tsallaka titi, ka zaɓi wurin da kake ganin motoci su ma suke ganin ka, ka kuma tabbata akwai inda za ka hau a ɗaya gefen kafin ka fara. Babbar hanyar da motoci ke zuba gudu ba wurin wannan keke ba ce.

Mutum ɗaya aka yi wa keken. Kada ka ɗauki yaro a cinya ko a wurin ajiye ƙafa, komai kukansa. Kada ka rataya kaya masu nauyi a kan keke, domin suna hana shi juyawa daidai. Ka zuba su a kwando, kuma kada nauyinka da na kaya ya wuce abin da kamfani ya rubuta. Kada ka kashe makulli keke yana cikin tafiya, saboda zai tsaya cak ya wurgo ka gaba. Idan waya ta yi ƙara, ka tsaya a gefe, ka kashe keke, sa'an nan ka amsa.

4. Batir da caji

Batir shi ne ran keken lantarki. Yawancin kekunan suna amfani da batir biyu, kowanne mai ƙarfin bolt 12, idan aka haɗa su a jere su ba da bolt 24. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin lantarki. Batir iri biyu ne: akwai na dalma, mai nauyi da sauƙin kuɗi, akwai kuma na litiyom, marar nauyi amma mai tsada. Kowanne da irin cajarsa. Ka yi amfani da cajar da ta zo da keken, ko irinta sak. Cajar da ba ta dace ba tana iya ƙona batir, har ta jawo gobara. Araha ba ta ado.

Ga yadda ake caji. Ka kashe keke, ka zare makulli. Ka fara soka caja a jikin keken, sa'an nan ka soka ta a soket. Batirin dalma yakan ɗauki awa 8 zuwa 12 kafin ya cika. Ka yi masa caji duk ranar da aka yi amfani da keken, kada ka jira sai ya mutu ƙurmus, domin yawan ƙarewa gaba ɗaya yana rage masa kwana. Ko da keken a ajiye yake, ka riƙa yi masa caji sau ɗaya a mako.

Ka yi caji a wuri busasshe mai iska, nesa da katifa da labule da galan ɗin fetur. Kada ka yi a ɗakin barci, kada kuma ka tare ƙofar fita da keken, saboda idan wuta ta tashi ta nan za a gudu. Kada ka rufe caja da tsumma. Idan ka ga batir ya kumbura, ko ya yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba, ko ka ji wari, ka cire caja daga soket nan take. Idan hayaƙi ya fara fita, kowa ya fice waje, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112.

Mu a Nijeriya muna da ƙarin matsala, wato ɗaukewar wuta. Idan aka ɗauke wuta ana cikin caji, ka cire cajar daga soket, domin wani lokaci wutar takan dawo da ƙarfin da ya wuce kima ta ƙona kaya. Idan da janareta za ka yi caji, ka bari ya tashi ya daidaita tukuna. Janareta kuwa a waje ake ajiye shi, nesa da taga, saboda hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari wadda ke kashe mutane cikin barci.

Zafi ma abokin gabar batir ne, don haka kada ka bar keke a rana tsaka. Idan ka lura cajin da yake kai ka kasuwa ya dawo da kai yanzu ba ya kai rabin hanya, batir ya tsufa. A canja duka biyun tare, domin tsohon batir yana raunana sabo. Tsohon batir kuma kada a fasa shi, kada a jefa shi a bola ko a wuta. Dalma guba ce, ta fi yi wa yara illa. A mayar da shi wurin masu sayar da batir.

5. Kula da jikin keke

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babbar ɓarna daga ƙarama take farawa. Kowane mako ka goge keken da ɗanyen tsumma, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa. Kada ka kwara masa ruwa da bokiti ko tiyo. Ka cire zare da gashi da leda da suka naɗe a gindin tayoyi. Idan tayoyin na iska ne, ka kai wa mai faci ya auna, ya sa iskar da aka rubuta a jikin tayar. Taya marar iska tana shan batir, tana kuma sa keke ya riƙa ja gefe ɗaya. Ka duba notuna, ka ɗaure waɗanda suka kwance. Ka duba wayoyi, domin ɓera yana son gwaguyar su.

Idan keke ya tsaya haka kawai bayan ya hau tudu ko ya ɗauki nauyi, mai yiwuwa maɓallin kariya ne ya katse wuta don kada inji ya ƙone. Ka kashe makulli, ka jira 'yan mintoci, ka danna maɓallin, ka sake kunnawa. Idan abin ya ci gaba da faruwa, ka nemi makanike wanda ya san kayan lantarki. Kada ka yarda wani ya haɗa waya a madadin fis, ko ya ce zai ƙara wa keken gudu. Ko babu abin da ya lalace, ya kamata gwani ya duba keken sau ɗaya a shekara.

6. Haƙƙin mai keke a kanka

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar domin a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga, ta kuma tanadi kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa. Haka kuma, ranar 3 ga Disamba ta kowace shekara ita ce ranar nakasassu ta duniya.

Kai ma kana da naka aikin. Kada ka hau keken wani don wasa. Kada ka tura shi ko ka jingina da shi ba da izinin mai shi ba. Idan ka ga kamar yana neman taimako, ka tambaye shi tukuna: "Baba, in taimaka?" Kada ka ajiye babur ko kaya a kan gangarar da aka gina masa a ƙofar banki ko asibiti. A wajen magana kuma, maimakon ka kira mutum gurgu, ka ce mai lalurar ƙafa, ko mai buƙata ta musamman.

Tattaunawa

Karanta wannan hira tsakanin kaka da jikanta. A al'adar Hausawa akwai wasa tsakanin kaka da jika, shi ya sa take kiran sa "maigida".

Jika: Kaka, ina kwana?
Kaka: Lafiya lau, maigida. Yau ka makara. Ka manta za ni gidan suna?
Jika: Ban manta ba. Bari in duba miki keken tukuna.
Kaka: Duba me? Jiya ma lafiya ƙalau na dawo da shi.
Jika: Na jiya daban, na yau daban. Kin ga, cajin rabi ne. Da daddare an ɗauke wuta, sai na cire caja.
Kaka: Rabi ai zai kai ni.
Jika: Zai kai ki, amma akwai tudun bayan makaranta a hanyar dawowa. Tudu yana shan batir. A bi ta bakin kasuwa, Kaka, can hanyar a shimfiɗe take.
Kaka: To, na ji. Matsa in hau.
Jika: Tsaya, Kaka! Kada ki hau!
Kaka: Subhanallahi! Me ya faru?
Jika: Sandar tana firi. Ni na ja ta jiya da zan yi shara, na manta ban mayar ba.
Kaka: Ka ga irinta! Ƙofar gidan nan gangara ce, ga kwata a ƙasa. Da yanzu a ciki za ka tsamo ni. Wane irin maigida ne wannan?
Jika: Ki yi haƙuri. Na mayar. Ki tattara gyalenki kada ya shiga taya.
Kaka: Na tattara. Allah ya yi maka albarka.
Jika: Amin. A sauka lafiya. A taho mini da nama.

Sababbin Kalmomi

lalura: ciwo ko wata matsala da ke hana mutum yin abu yadda ya saba
damtse: ɓangaren hannu daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu
totur: abin da ake matsawa domin inji ya ja
oda: abin da ake dannawa ya yi ƙara don a ba da hanya
geji: abin da ke nuna yawan abu, kamar caji ko mai
gangara: wurin da ƙasa ta karkata daga sama zuwa ƙasa
gargada: rashin kyan hanya saboda ramuka da duwatsu
kwata: hanyar da ruwan datti ke bi
ribas: tafiyar abin hawa da baya
dalma: wani ƙarfe mai nauyi da taushi
kife: juye, sama ta koma ƙasa
'yan kwana-kwana: ma'aikatan kashe gobara

Lura da jam'in waɗannan sunaye: keke, kekuna; taya, tayoyi; batir, batura; fitila, fitilu; kujera, kujeru; waya, wayoyi.

Nahawu: Umarni da Hani

(a) Ana iya ba mutum ɗaya umarni da aikatau kaɗai: Tsaya! Duba! Zauna!

(b) Ana iya sa wakilin suna kafin aikatau. Ana cewa "ka" ga namiji, "ki" ga mace, "ku" ga mutane da yawa: Ka duba taya. Ki duba taya. Ku duba taya.

(c) Idan ana magana da babba, ya fi ladabi a yi amfani da "a": A rage gudu, Baba. A sauka lafiya.

(d) Ana yin hani da "kada" ko "kar", kuma dole wakilin suna ya biyo baya: Kada ka shiga ruwa. Kar ki hau. Kada a fasa batir. Kuskure ne a ce "Kada shiga ruwa."

(e) Lura da bambancin "kafin" da "bayan": Kafin ki hau, ki kashe makulli. Bayan kin zauna, ki kunna. Kafin ku fita, ku duba geji. Bayan kun dawo, ku yi caji.

(f) Wasu aikatau suna canja wasalin ƙarshe. Suna ƙarewa da "i" kafin suna, da "e" kafin wakilin suna: Ka nemi makanike, ka neme shi. Ka sayi caja, ka saye ta. Ka tambayi likita, ka tambaye shi.

Auna Fahimta

A. Amsa waɗannan tambayoyi da cikakkun jimloli.
1. Wa ya ƙera keken Amigo, kuma a wace shekara?
2. Me ke faruwa idan mai tuƙi ya saki totur?
3. Don me ake kashe makulli kafin a hau ko a sauka?
4. Kawo abubuwa uku da ake dubawa kafin a fita.
5. Me ya kamata a yi idan aka ɗauke wuta ana cikin caji?
6. Wane kuskure jika ya yi, kuma me zai iya biyo baya?

B. Cike gurbi da kalmar da ta dace: firi, gangara, caja, kwata, totur.
1. Kada ka juya keke a tsakiyar ______.
2. Birki ba ya aiki idan sanda tana ______.
3. Ka matsa ______ a hankali.
4. Kowane batir da irin ______ da ta dace da shi.
5. Ka nisanci bakin ______.

C. Mayar da waɗannan umarni su zama hani.
1. Ka ɗauki yaro a cinya.
2. Ki bar keke a rana.
3. Ku ajiye janareta a ɗaki.
4. A jefa batir a bola.

D. Sake rubuta sakin layi na biyu na kashi na 3 kamar da mace kake magana. Bayan haka ka sake rubuta shi kamar da mutane da yawa kake magana.

E. Bayyana ma'anar waɗannan karin magana, ka nuna yadda suka dace da darasin. Akwai masu kama da su a harshenku? Ka faɗa wa aji.
1. Araha ba ta ado.
2. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
3. Rigakafi ya fi magani.

Aikin Aji

Ku kasu biyu-biyu ku kwaikwayi hirar kaka da jika. Sa'an nan ku canja ta, ta zama tsakanin kaka namiji da jikarsa mace. Ku tuna cewa shi zai kira ta "amarya", kuma wakilan suna za su canja.

Jinga

Zagaya makarantarku daga bakin ƙofa zuwa ajinku, da ɗakin karatu, da banɗaki. Ka lura da duk inda mai keken lantarki zai kasa wucewa. Rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa da Hausa, wadda ba ta wuce kalmomi 150 ba, ka bayyana wurare uku da ka gani da gyaran da kake ba da shawarar a yi. Za a karanta wasiƙun a aji mako mai zuwa.